Yatsun Shatu

Da sunan Allah nake buɗe bakina, domin Shi ne Ya ga abin da ya faru tun kafin mutane su fara juya shi a bakunansu. Ni ban san baƙi ba, ban san wasali ba, ban taɓa zama a aji ba. Jikata kuma takwarata Hajara ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta ajiye shi yadda ya fito, ko da a kan ubanta ne. Ku jikokina, na san abin da kuka taso kuna ji. Kun ji an ce akwai shekarar da Dada ta kunyata ɗanta a gaban likitoci, ta kira shi maƙaryaci, har ya kwashe iyalinsa ya bar mata gida. Barin gida kam ya bari, wannan gaskiya ne. Sauran maganar kuwa, ku gyara zama ku ji ta daga bakin wadda aka yi abin a gabanta.

Babanku shi ne ɗana na fari, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ko a takardar nan. Haka aka raine mu, mu da kakanninmu suka zo daga Kano da rini da fatauci, haka kuma muka tarar da Fulanin garin nan suna yi, su ma har sun fi mu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna ana son sa, ko da son yana cin uwa har cikin hanta. In zan yi masa magana, sai in yi ta kamar da iska nake: a zo a ci abinci, a kula da hanya. Shi ma haka yake amsa min, daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Shekarar da nake nufi ita ce shekarar da aka gudo. Ba sai na ce muku wacce ba, duk wanda ya zauna a Jimeta ya san ta. Mutane suka yi ta kwararowa daga Mubi da garuruwan da ke bayanta, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa ta cikin duwatsu, wasu sai da suka ratsa ta Kamaru suka zagayo. Aka cika masallatai, aka cika coci-coci, aka cika makarantu, aka kai wasu sansanin Malkohi. Gidan nan da kakanku ya bari, ɗakunansa 'yan kaɗan ne, amma a watannin nan babu inda ba a shimfiɗa tabarma ba. Maza suka koma kwana a zaure, mata da yara muka cunkushe a ciki. Babanku ya iso da la'asar, ƙafafunsa duk sun tsattsage, Sadiƙu na bisa wuyansa, Hajara na riƙe da gefen zanen uwarta. Shagonsa na atamfa da ya daɗe yana tarawa a kasuwar Mubi, ko ƙyalle bai fito da shi ba. Ya durƙusa ya gaishe ni.

Na ce, "An iso?"

Ya ce, "An iso."

Na juya na shiga ɗakin girki na ɗora ruwan zafi. A can na yi kukana, daga ni sai tukunya.

Uwarku Shatu Bafulatanar Mubi ce, kuma mai kitso ce. Ku manyan cikinku wataƙila kuna iya tunawa. Yatsun nan nata dogaye ne, sirara, in ta kama kai ta soma tsaga da kibiya sai ka ce ruwa ne ke bin hanyarsa. Ba ta daɗe da zuwa ba matan unguwa suka gano ta. Ranar Juma'a tsakar gidan nan cika take yi, wannan na son shuku, waccan na son kalaba, Shatu na tsakiya tana kitso tana dariya ƙasa-ƙasa. Da abin da take samu, da abin da babanku ke kawowa daga keke Napep da wani aminin kakanku ya ba shi ya riƙa ja, da su aka riƙe gidan.

To, ana nan ana nan, sai hannun ya soma kumburi. Ashe tun a Mubi yake taɓa ta kaɗan-kaɗan ba ta faɗa ba. Gaɓɓan yatsu suka tasa, wuyan hannu ya yi zafi kamar an ajiye shi kusa da murhu, hagu da dama duka. Kowa ya ce sanyi ne ya shige ta a hanyar gudu, kwanan dutse da raɓa. Maƙwabciyata Dudu, wadda kuke ce wa Goggo Dudu, mai ido ɗayan nan, Allah Ya ji ƙanta, ta shigo da ɗan kwanon man shanu tana tafe tana mita. Ita ma Bafulatana ce, Kaɗo take ce min, wato Bahaushiya.

"Ke Kaɗo, me kike ba 'yar mutane a gidan nan? Tuwon dawa da safe, tuwon dawa da dare, dole ƙashi ya yi tsami. Bafulatana sai da nono."

Na ce, "Ina shanun naki, Dudu? Akuya ɗaya gare ki, ita ma ta riƙo ce."

Ta ce, "Ta riƙon ma ta fi gidanku asali. Miƙo hannun, 'yata."

Aka shafa man shanu. Aka dafa sassaƙe. Wanzami ya zo ya yi ƙaho. Modibbo ya yi rubutu aka wanke aka sha. Ciwo ya ce bai san da wannan ba. Da abin ya ƙi, sai muka hau mota muka tafi wani asibiti a cikin Yola, da ni da ita da babanku, inda aka ce akwai likitar gaɓɓai. Mace ce, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ta kama yatsun Shatu ɗaya bayan ɗaya tana matsawa tana kallon fuskarta, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi. Da muka koma sai ta ce wannan ba sanyi ba ne, ba kuma irin ciwon gwiwar tsufa ba ne. Ta ce jiki ne da kansa ya juya yana yaƙar gaɓɓansa, kamar mai gadin da ya daina gane mutanen gidan. Ba a raba mutum da shi ɗungurungum, amma ana kwantar da shi, in wannan magani bai kwantar ba a ƙara wani. Sai ta faɗi maganar da na ɗaure a gefen zanena tun ranar. Ta ce abin da ciwon nan ya riga ya ci ba ya mayarwa, yatsan da ya karkace ya karkace ke nan.

Sannan ta ce suna wani bincike. Masu irin wannan ciwo suna da yawa, likitocinsa ba su da yawa, ga jama'a sun warwatse, wani yana sansani, wani yana gidan dangi, wani zuwa asibiti ma aiki ne a wurinsa. Suna so su gane ko za a iya bin mara lafiya ta waya. Za a riƙa kira ana tambaya. In da sauƙi, a ci gaba da magani, a aiko a karɓa, sai lokacin da aka sa ya yi a zo a duba. In babu sauƙi, a kira mutum maza a canza masa. Ta ce ba dole ba ne, wanda bai so ba za a ci gaba da ganinsa yadda aka saba. Babanku ya ce sun yarda. Likitar ta ce ba shi ta tambaya ba, mai ciwon ta tambaya. Shatu ta sunkuyar da kai ta ce ta yarda. Ni ma a raina na ga abin alheri ne, har yau kuma ban ce ba alheri ba ne. Aka tambayi lambar waya. Wayar Shatu ta faɗi tun a hanyar gudu, ɗaya ce ta rage musu. Babanku ya karanto tasa, aka rubuta, muka taho.

Da fari maganin ya yi kamar zai yi. Kumburin ya ɗan saɓa, muka yi hamdala. Amma da ruwan farko ya sauka sai ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ya kuma dawo da wata ɗabi'a da dole in bayyana muku, don a kanta komai ya rataya. Ciwon nan yana da lokacinsa. Daga asuba zuwa hantsi yatsun Shatu sandarewa suke yi kamar busassun ƙirare, ba sa lanƙwasuwa, ba sa kama komai. In rana ta ɗaga sai su soma saki. Zuwa azahar tana iya riƙe ludayi. Zuwa la'asar tana iya tuƙa tuwo in ta cije. Babanku kuwa a zaure yake kwana da sauran maza, daga sallar asuba ya wuce wajen keke, ba ya dawowa sai bayan magariba. Yana shigowa zai tarar ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ajiye masa kwano. Shi Shatun yamma ya sani. Shatun safe kuwa tawa ce.

Ni nake ɗaga ta zaune. Ni nake zuba mata ruwan alwala, don buta ta fi ƙarfinta. Ni nake ɗaura mata zani, in ɗaura mata ɗankwali, in kawo ruwan ɗumi a roba ta tsoma hannu, in dama kunun gyaɗa in riƙe mata kofin a baki kafin sauran matan su farga. Masu kitso aka ce su riƙa zuwa bayan azahar. Kan da take gamawa kafin a sauke tukunya ya koma cin yini guda. Wata ta ce kitson ya yi sako-sako, wata ta ce ya warware tun kafin suna. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauke ƙafa. Mu a wajenmu wannan rufin asiri ne, da shi aka san gidan mutunci, kuma da zuciya ɗaya na yi shi.

Wata rana bayan magariba babanku ya tsaya a bakin ƙofata yana magana da iska, yadda muka saba.

"Mutanen asibiti sun kira yau. Ina kan gada da fasinja. Na ce musu Alhamdu lillahi, da sauƙi, har tana aikinta. Sun ce madalla, a ci gaba da na da, in biya in karɓo."

Na ce, "Haka aka ce musu?"

Ya ce, "Haka ta ce min."

Kuma haka ta ce masa. Ku ji wannan da kyau, ku da kuka ji an ce maƙaryaci. Kullum in ya dawo sai ya tambaye ta ya jiki, kullum sai ta ce da sauƙi. Wace mace ce za ta ce wa mijin da ya yini a rana ba sauƙi? Mu nan ko mutum yana gargara aka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce, don godiya ce ga Allah, ladabi ne kuma ga mai tambaya. Balle Bafulatana, da aka koya mata tun tana goye cewa kuka da ciwo abin kunya ne. Shi kuma ga shi bisa titi, ga mutane zaune a bayansa suna ji, baƙuwar murya tana tambayarsa jikin matarsa. Me zai ce? Abin da ya ji ya faɗa, abin da idonsa ya gani da yamma ya shaida. Haka aka yi wata ya bi wata, ana kira yana amsawa, ana cewa madalla.

Da damina ta yi nisa, wata safiya ina tsoma mata hannu a ruwan ɗumi sai na ga ƙaramin yatsanta na dama da na kusa da shi sun kauce, sun kwanta gefe kamar dawar da iska ta bi ta kanta.

Na ce, "Shatu, wannan yatsan da ba haka yake ba."

Ta ce, "Kwanciya ce, Dada. Danne shi na yi."

"Ni za ki gaya wa kwanciya? Miƙe shi in gani."

Ta gwada, bai miƙe ba. Sai hawaye. Ba ta iya share su da kanta ba, ni na share mata da bakin mayafina.

Ta ce, "Don Allah, Dada, ki rufa min asiri. Mutumin nan ya rasa shago, ya rasa gari, yana jan keken wani. In ya dawo ya same ni a tsaye ina dariya, shi ne kawai abin da ya rage masa. Kada ki ƙwace masa shi."

Na je wajen Dudu na zayyana mata. Ta ci gaba da tsince wake, can ta ce, "Munyal, Kaɗo. Haƙuri. Mu Fulɓe ba ma kai kukanmu wajen baƙo." Sannan ta ɗago ta nuna min mataccen idonta da ɗan yatsa. "Amma fa wannan ma munyal ne ya cinye shi. Ni ban ce miki komai ba."

Da yamma na bi ta hanyar da ta dace. Na tsaya daga cikin ɗaki na ce, "Gobe kada a fita da wuri. A tsaya a duba yarinyar nan da safe."

Ya ce, "Dada, 'yan makaranta nake kaiwa da safe, in na saɓa wani za a ba. Ai na tambaye ta. Likitocin ma da kansu sun ce ana samun ci gaba."

Ya yi min sai da safe ya fita. Ni kuwa na zauna ina juya maganar. Likita ta jingina da bakinsa, shi ya jingina da bakin likita, su duka biyun sun jingina da kalmar Shatu, kalmar Shatu kuma kunya ce ta haife ta. Kowa yana riƙe da kowa, babu wanda ke riƙe da hannun. Lokacin da aka sa mata ta koma kuwa sai bayan kaka. Na tuna abin da likita ta ce, abin da ya ci ba ya mayarwa. Na ce kafin kaka sauran yatsun ma sun bi 'yan'uwansu.

Washegari yana fita na ɗaura mata zani, na yafa mata mayafi, ban kawo ruwan ɗumi ba. So nake a ga hannun yadda Allah Ya wayi gari da shi.

Ta ce, "Ina za mu, Dada?"

"Asibiti."

"Ban tambaye shi ba."

Na ce, "Ni na haife shi. In da zunubi a fitar nan, a wuyana yake. Tashi."

Muka tari keke, Shatu na ta jan mayafi tana rufe fuska kada mu haɗu da nasa a hanya. A asibiti muka sami ma'aikaciyar jinyar da ke kiran waya, Sista Rifkatu, Kirista ce daga wajen Ganye, mace mai fara'a da babbar murya. Da ta ji sunan sai ta washe baki.

"Ah ah, Aishatu! Ke ne mai sauƙi ɗin nan? Ni da kaina ina kira, kullum labari mai daɗi. Me ya kawo ku, Mama, lokaci bai yi ba?"

Na ce, "Ki kama hannunta ki gaisa."

Ta kama. Dariyar ta tsaya. Ta juya hannun ta duba, ta duba ɗayan, ta shige ciki ta fito da likita. Likitar ta matsa gaɓɓan nan ɗaya bayan ɗaya kamar ranar farko, sai dai yau Shatu na runtse ido. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Sista, in kin kira, da wa kike magana?"

"Da maigida. Yana ce ya tambaye ta."

Likitar ta ce dole a kira shi, tunda shi ke karɓar magani kuma komai zai canza. Aka kira. Bai ɗauki lokaci ba sai ga shi a guje, gumi har cikin ido, ya zaci mota ce ta buge wani. Ɗakin kuwa ba mu kaɗai ba ne, labule ne kawai tsakaninmu da masu jiran layi, cikinsu har da wata 'yar unguwarmu.

Ya ce, "Lafiya? Me ya faru? Wa ya fito da ita?"

Likita ta ce, "Malam, zauna. Kai kake amsa mana waya?"

"Ni ne. Abin da ta gaya min nake gaya muku." Ya juya wajen Shatu. "Ko ba ki ce min da sauƙi ba?"

Shatu ta tura hannuwanta cikin mayafi, ta dubi ƙasa. Murya can ciki ta ce, "Da sauƙi."

A nan ma. A gaban likita, da kumburin da komai. Na ga kafaɗunsa sun sauka, na ga ya buɗe baki zai ce to kun ji. Na san in muka fita daga ɗakin nan a haka, ko an canza magani yau, gobe in aka kira amsar nan ce dai za a bayar. Sai na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa ranar da aka yanka masa rago, wanda bai taɓa ji a bakina ba tun da ya zo duniya. Ya juyo kamar an watsa masa ruwa.

Na ce, "Ba sauƙi. Tun farkon damina ba sauƙi. Ni nake ɗaura mata zani, ni nake zuba mata ruwan alwala, ni nake ba ta kunu a baki. Kai ta yamma ka sani. Dubi hannun matarka, ka daina amsa abin da ba ka gani ba."

Na janye mayafin. Sista Rifkatu ta miƙa wa Shatu kofin ruwa, yatsun suka kewaye shi suka kasa rufewa. Babanku ya tsaya yana kallo. Iyakar abin da na faɗa ke nan, Allah ne shaidata. Kafin mu iso gida maganar ta riga mu, ta kuma sake riga a hanya.

Likitar ta ce masa kada ya ɗauki laifin shi kaɗai. Ta ce su suka tambayi lamba ba su tambayi ta wa ce ba, suka kuma riƙa tambayar ya jiki, tambayar da kowa ya san amsarta tun yana yaro. Aka ƙara wa Shatu wani magani a kan na da, aka ce ta riƙa zuwa a kai a kai sai ciwon ya kwanta. Daga baya da aka koma kiran waya, da safe ake kira, ita ake nema da bakinta, tambayar ma ta canza. Wa ya ɗaura miki zani yau? Kin ɗaga buta da kanki? Yaushe yatsun suka saki? Irin tambayar da kunya ba ta da inda za ta ɓoye a cikinta. Sista Rifkatu ta gaya min sun koma sun bi sauran matan suna tambayar wayar wa ake kira. Abin da binciken nasu ya haifar ni ban sani ba, ba a karanta min ba. Amma nakan zauna in tuna gidajen da babu tsohuwar da ke ganin safiya, in ce ko su wa ya yi musu magana.

Ranar da muka dawo, bayan magariba, ya tsaya a bakin ƙofata.

"Dada, a gaban baƙi?"

Na ce, "A gaban baƙi."

"Da kin kira ni ɗaki kin gaya min."

"Na ce a tsaya da safe."

"Kin ce a tsaya. Ba ki ce ga abin da ke nan ba."

Yana da gaskiyarsa, ina da tawa, babu wadda ta ture wata. Kafin a gama girbi ya kama hayar ɗaki a unguwar Jambutu ya kwashe ku. Na tsaya a zaure ina kallo ana ɗora tabarmi a keke. Sadiƙu yana ta kuka yana miƙo min hannu, ban karɓe shi ba, don na san in na karɓa ba zan iya mayarwa ba. Shatu ma ta daɗe tana gaishe ni a taƙaice, don a ganinta abin da ta roƙe ni kada in ƙwace ne na ƙwace. Shi kuwa bai taɓa fasa zuwa gaishe ni ranar Juma'a ba. Gaisuwa cikakkiya, babu abin da ya ragu a cikinta, babu kuma abin da ke cikinta. Gidan da ya cika har zaure ya koma ina jin motsin kaina. Dudu ce ke shigowa ta ce, "Kaɗo, kin yi magana kin kori jama'arki," in ce ke kika zuga ni, ta ce ita ba ta ce komai ba.

A bakinta kuma na ji sauran labarin, don tana da 'yar'uwa a Jambutu. Ya bar kai 'yan makarantar. Ba ya fita sai hantsi. Shi yake ɗora ruwan ɗumi, shi yake riƙe buta, har maƙwabta suna yi masa dariya wai ya koyi ɗaurin zani. Da hanya ta buɗe mutane suka soma komawa Mubi, abokansa suka ce ya zo a sake tada kasuwa, ya ce ba zai yi nisa da likitar ba. Bai koma ba har yau. Bai taɓa gaya min wannan da bakinsa ba, ni ma ban taɓa nuna na sani ba. Shekaru sun sassauta gaisuwar, yanzu yakan zauna har ya sha ruwa. Amma maganar ranar nan ba mu sake taɓa ta ba, sunansa kuma bai sake fitowa daga bakina ba. In wannan takarda ta kai hannunsa, to ya ji: ban ce ya yi ƙarya ba, kuma bai yi ba.

Kitson kasuwa bai dawo wa Shatu ba. Wannan ya tafi tare da yatsun da suka kwanta, ni ma ban isa in dawo da shi ba, likita ma ba ta isa ba. Ciwon yana nan, yakan taso yakan kwanta, tana shan maganinta. Amma da hannunta take cin abinci, da hannunta take alwala, da hannunta ta raini ƙannenku da aka haifa daga baya. Don haka in kun koma gida, kada ku tambaye ta wannan labari, za ta ce muku ba komai. Ku ce ta ba ku hannu ku gaisa, ku duba da kyau. Yatsun da suka karkace na watannin da kowa ya yi ladabi ne. Waɗanda suka miƙe, su na saya da gidana, kuma ko yau aka sake kawo min cinikin, zan saya.